Cigiyar Lambar Mota

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Anka ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kama kunnena da kaina in murɗe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda ya tona min asiri. Ni da bakina na yi, a tsaye, cikin farar shadda, a gaban lasifika.

Lokacin ni ne babban direba a wani asibiti da ke ɗauko yara marasa lafiya daga ƙauyuka, irin su Duza da Tungar Guru, tun zamanin da gubar dalma ta addabi mutane. Direbobi huɗu ne mu, amma makullin babbar motar a aljihuna yake kwana. Wata farar mota ce mai buɗaɗɗen baya, mai shiga laka kamar ba komai, kuma an kankare rubutun jikinta saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Shekara goma sha tara ina riƙe da sitiyari ban taɓa taka ko ƙadangare ba. Ba sai an tambaye ni ba, ni nake faɗa, a wurin mai shayi, a wurin suna, har a wurin gaisuwar mutuwa na taɓa sako zancen (Allah Ya yafe min).

Kuma ni ne mai koya wa sauran direbobi doka. Duk Litinin sai na jera su a bakin gareji na karanta masu: in ka buge wani abu a hanya, mutum ne, akuya ce, kaza ce, ka tsaya. Ka sauka ka duba da idonka. Ka nemi mai abin, in ba ka same shi ba ka je wurin mai gari ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sannan ka dawo ofis ka rubuta gaskiya. Akwai wani direba cikinmu, Haruna, magidanci mai 'ya'ya biyar, da ya taɓa take zabo a hanyar Bukkuyum ya yi shiru. Da na ga gashin zabon a jikin taya sai da na sa ya maimaita dokar nan sau uku a gaban masu gadi, na kuma karɓe makullinsa mako guda. Ya kalle ni dai, ya sunkuyar da kai. Ku riƙe sunan Haruna, za mu dawo kansa.

Wata Talata ce da damina. Na kai magunguna Gummi, na juyo da hantsi, motar wayam, ba majinyaci ba kowa. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya nema min uzurin gaggawa, don babu inda nake sauri. Rediyo na ƙure, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya kuma ina kokawa da ƙullin dafaffiyar gyaɗa da ya ƙi kwancewa. Na kai shi baki ke nan zan yaga ledar da haƙori, daidai ƙofar wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, sai wani abu ja-ja, gajere, ya fito daga ciyawa da gudu. Gaf! Motar ta ɗan yi tsalle. Na kalli madubi, na ga abin yana mirginawa cikin ciyawar gefen hanya.

Wallahi ƙafata ta je kan birki. Ta je, ta taɓa, ta dawo kan totur. Cikin daƙiƙa biyu na zauna na yi shari'a na wanke kaina. Na ce kare ne. Na ce ko na sauka me zan yi da kare, in taɓa najasa da hannuna? Na ce mutanen ƙauye za su taru a kaina. Na ce hanyar nan ba a tsayawa barkatai (alhali ga mai shayi can da mutane a benci, ga mata suna suyar ƙosai, rana tsaka). Amma gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba ita ce fuskar Haruna na gani, yana tsaye yana kallon babban direba yana rubuta rahoton ya take kare. Sai na ƙara wuta. Gyaɗar ma da ta jawo min, ban ci ko ƙwaya ba, ta watse a ƙasan kujera.

Da na iso Anka ban bari mai wankin mota ya taɓa ta ba, ni na ɗauki bokiti da kaina. A nan na ga lambar gaba babu ita, sai kusoshi biyu a tsaye suna kallona. Nan take na lallashi zuciyata. Akwai wani kwalbati da ruwa ya cinye kafin a kai ƙauyen, inda mota ke buga ƙirji, na ce lallai a can ta faɗi. Na maimaita wa kaina har na yarda. Na shiga ofishin Malam Sanusi, mai kula da motoci da direbobi, na rubuta da kyakkyawan rubutuna cewa gargadar hanya ta yar da lamba. Har da faɗa na yi masa a kan lalacewar hanya, ina bubbuga tebur.

Malam Sanusi mutum ne marar hayaniya, mai sa tabarau a kan karan hanci. Ya ce, "To, mota ba lamba ba ta wuce shingen jami'an tsaro. A aje ta sai an samo wata daga Gusau."

Kwana uku motar tana gareji. Kwana uku ana tura ƙaramar mota ƙauyuka tana maƙalewa a laka, iyaye suna goyo yara a babur. Ni kuma ina zaune a benci ina tsaki, ina zagin wanda ya ɗaura lambar da ruɓaɓɓun kusoshi.

Sai ranar Juma'a. Kun san al'adarmu, in an sallame, kafin mutane su watse, ladan yakan yi cigiya a lasifika: an tsinci makulli, akuyar wane ta ɓata, an ga waya a wurin alwala. Ina zaune kusa da Malam Sanusi, ina neman takalmina da ido, sai na ji ladan yana cewa, "Jama'a, wani bawan Allah ya tsinci lambar mota bisa hanyar Gummi. Mai ita shi zo shi amsa."

Malam Sanusi ya zungure ni da gwiwar hannu. Ni kuwa har na miƙe. Wani mai hankali da sai ya bari mutane su ragu, ya zagaya ta baya ya karɓi abinsa. Amma ni? Na gyara hula, na ratsa sahu ina "gafara dai, gafara dai, tawa ce," kamar wanda aka kira karɓar kyauta. Wani abu ya ɗan taɓa ni a zuciya, na ture shi. Na ce in mutanen ƙauyen karen ne ai wurin 'yan sanda za su kai, wa zai kawo maganar kare masallaci?

Ladan ya ce in faɗi lambar don a tabbatar. Ya miƙo min makirfo, na karanta ta tiryan-tiryan da babbar murya. Aka duba, daidai. Maimakon in mayar da makirfo, sai shaiɗanin surutu ya hau ni. Na ce, "Jama'a, ku shaida har yanzu akwai masu amana a ƙasar nan. Wanda ya tsinci wannan lamba, Allah Ya saka masa, Allah Ya sa ya gama da duniya lafiya. Irinsu ne ake nema, masu ganin abu ba su kau da kai ba." Aka amsa da amin har daga waje. (Masu ganin abu ba su kau da kai ba. Ni na faɗi haka. Ni!)

Ladan ya nuna wani tsoho da ke tsugune a gindin ginshiƙi. Siriri ne, baƙi, da 'yar riga mai launin ƙasa da jakar fata a kafaɗa. Ya tashi a hankali, lambar tana hammatarsa. Daga baya na ji sunansa Baba Mamman, maharbi ne, tun yana saurayi yake farauta. Na miƙa hannu biyu zan karɓa, bai saki ba.

Ya ce, "Ɗana, kai ka tuƙa motar ga?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Babu mai taɓa ta sai ni."

"Ran Talata ma kai na?"

"Ni ne."

"Da hantsi, kana bisa hanyar Anka?"

"Ƙwarai kuwa, Baba, ashe ma ka gan ni."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Awo. Na gane ka."

Kun ga yadda na bi na rufe wa kaina kowace ƙofa? Da na ce mu huɗu ke tuƙa ta. Da na ce ban tuna ranar ba. Ina! Girman kai ya sa na amsa komai, ga makirfo a hannuna, rabin Anka na ji. Tsohon nan bai iya karatu ba, bai san motar ta wane ce ba, fararen motoci irinta kuma sun yi yawa. Sai ya yi abin da ya saba yi wa namun daji. Ya ɗana tarko, ya sa abin da dabbar ke so, ya koma gefe ya tsuguna. Dabbar kuwa ta zo da ƙafarta tana sa masa albarka.

Ya sa hannu a jaka ya fito da wani abin wuya na fata, da 'yar ƙararrawa a jiki. Ya ɗaga shi sama. Muryarsa ba ta da ƙarfi.

Ya ce, "Wanga na Barsu na, karyata. Lambar ga kusa da ita munka ishe ta. Ba ta mutu nan take ba, ɗana. Ƙugunta kak karya. Tun hantsi take jan jiki tana kuka hal la'asar. Da ka tsaya, da ko ruwa mun ba ta da wuri, ko mu kai ta ga likitan dabbobi cikin motar taka. Mutane na tsaye suna ɗaga ma hannu, kaƙ ƙara wuta."

Duk idanu suka dawo kaina. Gumi ya karyo min tun daga ƙeya har cikin wando. A nan ne ya kamata in durƙusa in ce na tuba. To ni idan kunya ta kama ni, fushi take zama. Na ji raina ya ɓaci, wai ni za a tsayar a gaban jama'a saboda dabba. Na buɗe baki na ce, "Haba Baba! Duk wannan a kan kare? Kare ne fa!"

Na manta makirfo na bakina. Matata tana gida, unguwa biyu tsakani, ta ce tana kwasar tuwo ta ji muryata daga sama tana cewa kare ne fa.

Tsohon ya tako har gabana. Ya ce, "Kare na, gaskiya ta. Shekara shida, duk baƙon da za shi shigo garinmu da mugun nuhi, ita ka hwara ji tun shina nesa. Sau biyu haushinta na tada mu muna hita da mata da ɗiya kahin a iso. Kai cikin birni kake kwana da masu gadi. Mu ita ta mai gadinmu."

Liman ne ya karɓe makirfo daga hannuna, ya kashe (Allah Ya saka masa, ko da yake ya makara). Ya ce a koma zaurensa. Muka shiga, ni da tsohon da Malam Sanusi da wasu dattawa, sauran jama'a kuma suka cika ƙofa, har da Haruna, na hango hularsa. Ina ta fatan liman ya ce ai kare najasa ne, a bar maganar. Sai ya ce karen gadi da na farauta halal ne a riƙe, dukiyar mai shi ne kamar saniyarsa, wanda ya halaka shi kuma sai ya biya. Wani dattijo da ya yi aikin kotu har ya yi ritaya ya ƙara min gishiri. Ya ce, "Bugewar tsautsayi ce, tana kan kowa. Gudun shi ne laifi. Da ka tsaya ka nemi mai ita, ko ka kai rahoto, da magana ta ƙare a zauren mai gari. Yanzu in Baba ya ga dama ya kai ka gaba, ga ɓarnar dukiya, ga gudu bayan haɗari, ga shaidu masallaci guda da ka tara wa kanka."

Da dattijon ya gama, sai Malam Sanusi ya cire tabarau ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Ka sauka ka duba?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"To ya aka yi ka san kare ne?"

Na ce na ga abu ja, gajere, ya fito daga ciyawa.

Ya ce, "Abu ja, gajere." Ya miƙo tafin hannu. Ban gane ba sai da ya ce, "Makulli. Motar nan yara take ɗauka. Ba zan bar ta a hannun wanda ke buge abu ja gajere ya yanke wa kansa hukunci a madubi ba, ya kuma zo ya buga min tebur a kan gargada."

Na zaro makullin da ya shekara bakwai a aljihuna na sa masa a hannu. Ko juyawa bai yi ba ya kira, "Haruna!"

Aka dawo kan biyan tsoho. Na ce a faɗi abin da zan bayar in huta. Baba Mamman ya yi min wani kallo ya ce shi bai zo ciniki ba, kuɗi ba su yin haushi in baƙo ya tunkaro gari. Ya ce Barsu ta bar 'ya'ya huɗu ko ido ba su buɗe ba, shi kuma ga gona ga tsufa. Wanda ya raba su da nonon uwarsu shi zai shayar da su har su iya haushi, sannan ya mayar masa da su. In na ƙi, sai mu haɗu gaban alƙali. Liman ya ce adalci ne. Dattawa suka ce adalci ne. Ni ba a tambaye ni ba.

Washegari na shigo gida da kwali a bayan babur yana tsuwa. Inna, mahaifiyata, tana zaune a tsakar gida tana jan carbi. Ta leƙa kwalin, ta ja da baya ta ce, "Mi nike gani haka? Ni da ka jiran jikoki, ɗiyan karnuka kak kawo min?" Ta sa aka ware min kwano da buta, ta ce in na taɓa su kada in taɓa mata ƙofar ɗaki sai na yi wanka. A bayan gida na yi masu rumfa. Kullum da safe ina bakin kasuwa ina jiran matan Fulani in sayi madara, in zo in tsuguna da sirinji ina ɗura wa 'yan kwikwiyo a baki, suna yi min fitsari a ƙafa. Ni da na ƙi sauka daga mota don kada najasa ta taɓa ni, sai da na wata biyu ina wanke hannu da ƙasa. Masu shayi suka sa min suna Uwar Gida. In na wuce sai wani ya ce, "Ya masu jego?" Wallahi sau biyu ina cire takalmi zan yi dambe.

Kuma duk wata biyun nan fushi nake yi. Ina fushi da ladan da bai kashe makirfo ba. Ina fushi da mai gyaɗa da ta ƙulle leda tamau. Ina fushi da tsoho mai tarko, da Malam Sanusi, da Haruna da ke wuce ni a babbar mota yana yi min ɗan hon na gaisuwa (gaisuwa ce ta tsakani da Allah, shi ya sa ta fi ciwo). Ɗaya daga cikin 'yan kwikwiyon, ƙaramin cikinsu, ya mutu a tafin hannuna a mako na biyu, na rasa wanda zan yi fushi da shi, sai na yi da shi ma.

Da ukun suka yi ƙwari suka fara yi wa awakin Inna haushi, na roƙi Haruna ya rage min hanya zuwa ƙauyen. Ya ce bismilla. Na zauna a gidan baya da kwali a cinya, a motar da ko kujerarta ba a matsarwa sai da izinina. Muka tsaya daidai inda ƙafata ta ƙi birki. Baba Mamman ya fito, ya ɗaga kowanne ya duba haƙora da tafin ƙafa, ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Shi ke nan abin da ya ce.

Sai wata 'yar yarinya ta fito daga zaure da gudu, ba ta fi shekara uku ba, da jar riga. Ta rungume ɗaya daga cikin karnukan tana dariya. Tsohon ya ce jikarsa ce, Hansatu. Ya ce kullum da hantsi ita da Barsu ke tsallaka titi zuwa wurin uwarta mai ƙosai, tana riƙe da wutsiyarta. Ran Talatar nan masassara ta kwantar da ita, shi ya sa karyar ta fito ita kaɗai.

Yarinyar ta zagayo gaban motar da kwikwiyon a hannu, ta tsaya tana kallon fitila. Kanta daidai lambar yake, ko ɗan yatsa bai wuce ba. Na nemi fushin nan da na yi wata biyu ina rabawa mutane, na ga babu wanda ya rage a ba shi sai ni. Na tsuguna a gefen titi kamar mai gyaran takalmi, don kada Haruna ya ga fuskata.

Har yau makullin yana wurin Haruna, ni ƙaramar mota nake ja, ina ɗauko ruwa da kayan wanki. Duk Litinin yakan jera mu a bakin gareji, ya ce da ladabi, "Yaya, kai ka fi mu iya ta, karanta muna doka." In karanta. Yanzu ko baƙar leda na taka sai na tsaya na sauka na duba, har abokan aiki sun daina son shiga motata, wai tafiyar awa ɗaya sai ta ci biyu. In kuma na ji ladan ya ce an tsinci wani abu, ko hular kaina ce, sai na tambayi wanda ya tsinta da inda ya tsinta kafin in miƙe.